Bakwainin ƙanwata cikinsa ya kumbura a kwalba, mu ɗauke shi ko mu bari?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin asibiti a taimaka mana. Ƙanwata ta haifi bakwaini, cikin bai wuce sati 30 ba, namiji, nauyinsa kilo 1.2. Tun ranar yana cikin kwalba a wani asibiti a nan Legas. Da farko lafiya lau, ana ba shi nononta ta robar hanci, da nonon ya yi ƙaranci aka haɗa masa da madarar gwangwani. Shekaranjiya, yana cikin sati na biyu, sai ciki ya kumbura har yana sheƙi, abin da suke zuƙowa ta robar ya koma kore, jiya kuma aka ga jini-jini a kashinsa. Sun tsayar da nonon gaba ɗaya, sai ƙarin ruwa da allurai. Likita ya ce NEC ne, wai wani ciwon hanji. Abin da ya fi ɗaga mana hankali, matan da ke zaman jinya a baranda sun ce yara biyu a ɗakin sun yi irin haka cikin 'yan kwanakin nan, ɗaya ma ya koma. Surukarta ta ce a ɗauke yaron yau-yau. Mijin yana hanyar dawowa daga Arewa da kaya, bai iso ba. Ni ce a kansu, kuma kaina ya kulle.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya tashi kafaɗunsa. Wanda ya koma kuma Allah ya sa mai ceto ne.

Maman 'Yan Biyu: Amin ya Allah. Sannu Maman Ihsan. Anti Nas tana nan? Ita ce za ta fi gane wannan.

Anti Nas: Ina nan, yanzu na sauka daga aikin dare. Maman Ihsan sannu da ɗawainiya. Fara da kwantar da hankali a kan abu ɗaya: tsayar da nonon da suka yi ba mugunta ba ce, ba kuma sakaci ba ne, shi ne matakin farko na maganin.

Ciwon nan kumburi ne da ruɓewar bangon hanji. Hanjin bakwaini bai gama nuna ba, kamar jiƙaƙƙiyar takarda yake. Jini ba ya isarsa yadda ya kamata, garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba, sai ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjin su kutsa cikin bangon, su fara fitar da iska a can. Iskar nan a cikin bango ita likita yake nema a hoton ciki, shi ya sa za ki ga ana ta maimaita hoton, wani lokaci sau biyu ko fiye a yini. Ya fi kama yaran da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen 5 zuwa 10 cikin ɗari nasu, kuma ya fi zuwa a sati na biyu ko na uku, daidai lokacin da iyaye suka fara sakin jiki.

Magani shi ne a hutar da hanji kwana 7 zuwa 14, a bar roba tana fitar da iska da ruwan ciki, a ba da alluran kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a ciyar da shi ta jijiya. Da yawa suna warkewa a haka. Idan hanjin ya huje, to sai tiyata. Ba zan ɓoye miki ba, ciwo ne mai nauyi, cikin yara goma da ya kama ana rasa biyu zuwa uku ko a ƙasashen da suke da komai, kuma waɗanda suka kai ga tiyata haɗarinsu ya fi haka.

Baban Walid: Ni dai tambayata ɗaya. Wane asibiti ne? A faɗi sunansa. Yara uku a ɗaki ɗaya cikin kwanaki kaɗan, a ce mana ƙaddara? Ƙazanta ce. Matanmu nawa ne suke zuwa awo daga Mile 12 da Agege da Idi-Araba, gara su san inda ba za su je ba.

Admin: Baban Walid a yi haƙuri, ba za a kama sunan asibiti a zauren nan ba. Labarin baranda muka ji, ba mu ga takarda ba. Kuma yaron yana hannunsu har yanzu.

Baban Walid: To shirun nan da muke yi shi ya sa ake raina mu. Bahaushe a garin nan ɗansa ya mutu, ya ce Allah ya kawo kwana, ya biya kuɗin gado, ya yi godiya ya tafi.

Ɗan Lab: Baban Walid, fushinka yana da tushe, amma bari mu raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. NEC a mafi yawan lokuta ba ciwo ba ne da yaro yake ɗauka daga maƙwabcinsa, ɗai-ɗai yake zuwa, saboda rashin ƙwarin hanji. Ɗakin da ke cike da bakwaini ƙanana zai iya ganin biyu a jere ba tare da laifin kowa ba. Amma kuma an sha ganin ya zo a tare. A asibitin Rahima Moosa na Johannesburg a 2018 jarirai 9 suka rasu da shi cikin 'yan watanni, masu bincike suka shiga, ba su kama wata ƙwaya guda da za a ce ita ce ta yi ɓarnar ba.

Na biyun shi ne ɓarkewar ƙwayar cuta a jini, kuma a nan ne hannu da kayan aiki suke shigowa. Uwar gayya a ɗakunan jarirai na Afirka ita ce Kilebsiyela. Mazauninta hanji ne, tana fita a kashi, tana son danshi, tana zama a magudanar wanke hannu, a robar zuƙe majina, a jikin kwalbar kanta. A asibitin Tembisa, shi ma a Afirka ta Kudu, jarirai 10 suka rasu a ƙarshen 2019, kuma hukuma da bakinta ta ce ɗakin gado 44 ne amma yakan ɗauki yara kusan 90. A Banjul ta Gambiya a 2016 an bi sawun ɓarkewar har zuwa ledojin ƙarin ruwa da kwalaben allura da ake buɗewa ana ta ɗiba wa yara daban-daban. Ko Turai ba ta tsira ba, a Belfast a 2012 a bakin famfo aka samu wata ƙwayar cuta mai suna Sudomonas bayan jarirai 3 sun rasu.

Abin da zai raba gardama shi ne gwajin shuka jini. Maman Ihsan, ki tambaya: an ɗauki jininsa an kai lab kafin a fara allura? Me ya tsiro? Wane magani ne ya nuna zai kashe ta? Idan ƙwaya iri ɗaya mai taurin kai iri ɗaya ta fito a jinin yara biyu ko uku, to maganar Baban Walid ta fara tsayawa da ƙafarta.

Maman Ihsan: Sun ɗauki jini ranar da abin ya fara, mun biya. Sun ce sai bayan kwana uku.

Ɗan Lab: Haka yake, awa 48 zuwa 72 kafin a samu cikakken sakamako. Kada ki bari ya kwana a lab, ki bi shi da ƙafarki. Dalilina, magungunan da aka saba farawa da su, amfisilin da jentamaisin, yawancin Kilebsiyelar asibiti ba ta jin su yanzu. An yi wani babban bincike mai suna BARNARDS a ƙasashen Afirka da Asiya, har da asibitin Murtala na Kano da asibitoci a Abuja, sakamakon ya fito a 2021, kuma abin da ya nuna ke nan. Takardar lab ce take gaya wa likita ya canja ko ya ci gaba. Sai dai ki sani, a NEC sau da yawa jinin ba ya tsirar da komai, kuma hakan ba ya nufin ciwon babu.

Anti Nas: Bari in ce wani abu a kan ƙazantar da Baban Walid ya ambata, don mu ake nufi. Na yi aiki a inda nas ɗaya take kwana da ɗaki guda na jarirai, wannan ya daina numfashi, wancan robarsa ta fita, ƙararrawa tana kuka ta ko'ina. Ƙa'ida ita ce ki goge hannu da sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin ki taɓa kowane yaro da bayan kin taɓa shi, in da datti a hannun ki wanke da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60. Lissafa haka sau nawa a dare ɗaya. Ga famfo ya ɗauke, ana ɗiban ruwa a bokiti. Ga yara biyu a kwalba ɗaya, saboda in kin ce babu gado, uban zai ɗauki yaron ya shiga go-sulo da shi ya mutu a hanya. Ga ƙwararrunmu suna ta ficewa Ingila da Saudiyya. Ban ce babu masu sakaci ba, akwai su, na ga mai sa safar hannu ɗaya ta zagaye ɗaki da ita, tana ganin ai ta sa safa. Ita ta kare kanta, yaran kuma ta raba musu. Amma in ka kori nas ɗaya ka bar ɗakin yadda yake, wata shida za a sake.

Baban Walid: Anti, ban raina aikinku ba. Amma a Tunisiya a 2019 da jarirai sama da goma suka mutu a asibitin Rabta saboda gurɓataccen abincin jijiya, ministan lafiya murabus ya yi. Mu a nan ko sanarwa ba a yi. In ɗaki ya kamu, me zai hana a gaya wa iyaye, a daina karɓar sababbi?

Anti Nas: A wannan kam ina tare da kai. Abin da littafi ya ce ke nan: a ware waɗanda suka kamu, a ba su nas ɗinsu daban, a tsayar da karɓar sababbi in da hali, a ɗauki samfur daga famfo da kayan aiki, a gaya wa iyaye gaskiya. Ɓoyewa ita take jawo labarin baranda.

Hajiya Babba: Ni dai 'ya'yan nan, ku bar ni in faɗi tawa. A zamaninmu bakwaini a ɗaka ake rufe shi, a naɗe shi da auduga da zannuwa, a ajiye garwashi, ba mai shiga sai uwar da kakar. Kuma sun rayu, ga su nan da jikoki. Yaro kwana da kwanaki ba a sa masa komai a baki ba, yunwa ma ai ciwo ce. Ko ɗigon zamzam ne a lallaɓa a ɗiga masa, a shafa masa dabino a dasashi. Ina da zamzam ɗin da na zo da shi, Maman Ihsan ki turo a karɓa.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarki likitocin duniya sun dawo kanta: ɗumi, da hana shige da fice, da barin yaro a jikin uwarsa. Amma don girman Allah kada a ɗiga masa komai yanzu. Hanjin da yake dab da hujewa, ko ruwa ne ya shiga zai iya ƙarasa shi. Ba yunwa yake ji yadda muke zato ba, ruwan da ke shiga jijiyarsa akwai sukari a ciki. Sannan zamzam ɗin tsarkakakke ne, amma jarkar da ya zauna a ciki, da cokalin, da yatsan da ya riƙe ƙarfen danfo kafin ya iso asibiti fa? Zuma kuwa ko lafiyayyen yaro ba a ba shi sai ya shekara. Waɗanda suka rayu a ɗaka Hajiya, mafi yawa manyan bakwaini ne, 'yan wata takwas. Irin wannan na kilo ɗaya da 'yan kai, a da sai dai a ce ya koma.

Malam na Zango: Hajiya, taunawa jariri dabino sunna ce mustahabbiya, ba wajibi ba, kuma shari'a ta hana cutarwa. In likita amintacce ya ce akwai cutarwa, an bar shi. Zamzam ɗin a ba mai jegon ta sha da niyyar waraka, a yi wa yaron addu'a daga inda ake. Addu'a gilashi ba ya tare ta.

Hajiya Babba: To Malam, na ji. Uwar ta sha. Amma a turo a karɓa ɗin.

Dakta: Salam. An turo mini zancen nan, ni likitan yara ce, amma ban ga yaron ba, don haka abin da zan faɗa na gaba ɗaya ne. Tambayar farko har yanzu ba a amsa ta ba: a ɗauke shi ko a bari?

Gida dai babu ita a lissafi sam. Canja asibiti kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yaro mai kilo 1.2 da kumburarren ciki, in aka sa shi a bayan mota daga Agege zuwa Idi-Araba da rana tsaka, sanyi zai kama shi ko da ku kuna gumi, sukarinsa zai faɗi, numfashi zai iya tsayawa, allurar hannunsa za ta fita. Kuma in ƙwayar ɗakin ce matsalar, ta riga ta zauna a hanjinsa, da ita zai tafi. Gudun ba ya wanke shi.

Abin da zai sa in ce a tafi shi ne in inda yake ba za su iya abin da ke gaba ba. Maman Ihsan, ki samu babban likitan ɗakin, ba wanda ya zo wucewa ba, ki yi masa tambayoyin nan cikin ladabi. Ciwon a wane mataki yake, zato ne ko hoto ya tabbatar? Akwai likitan tiyatar yara da ya gan shi, in kuma hanjin ya huje da tsakar dare, a nan za a yi aikin ko sai an tura? Ana iya ɗaukar hoto a ɗakin ba tare da an fita da shi ba? Me ake ba shi ta jijiya, ruwan sukari ne kawai ko har da sinadaran gina jiki? In amsar tiyata ita ce babu, to gara a shirya tafiya tun yana da ƙarfi. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da likitocin tiyatar yara. Amma likita ne zai kira likita a tabbatar da gado kafin a motsa, da takardar turawa, da motar asibiti mai iskar oksijin, da nas a ciki. Mafi munin abin da nake gani shi ne iyaye su sa hannu su fitar da yaro cikin fushi, su yi ta zagaye Legas ana ce musu babu kwalba.

Idan ciki ya canja launi ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, ko yaron ya yi laushi ya daina motsi, ko fitsari ya ragu, kada a jira zagayen likitoci na safe.

Maman Ihsan: Na gode Dakta, na kwafe su a takarda. Ɗazu da na tambaya sun ce likitan tiyata yana zuwa daga wani wuri in an kira shi. Zan tambayi sauran. Ita kuma uwar tun da aka tsayar da nonon ta daina tatsa, kuka kawai take yi, ta ce amfanin me.

Maman 'Yan Biyu: Kash. Ki ce mata in ji ni kada ta daina. Nawa biyun a kwalba suka fara rayuwa, Hassan ɗin ya yi wannan ciwon, bai kai ga tiyata ba alhamdulillah, yanzu yana firamare. Lokacin da aka ce a dawo da ciyarwa, nonona aka nema, da na bari ya ƙafe da madara za a koma. Tatsa nake yi dare da rana ina kuka, yaro ba ya sha, amma ina yi. Matsalata wuta ce, unguwarmu sai a yini babu, sai wata mai sayar da ƙanƙara ta ba ni gefe a firizarta, ina rubuta rana a jikin kowace roba.

Dakta: Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci a zauren nan yau. Tun 1990 wasu masu bincike biyu a Ingila, Lucas da Cole, suka bi bakwaini 926, suka ga NEC ya ninka sau 6 zuwa 10 a waɗanda aka ba madara zalla a kan waɗanda suka sha nonon uwa zalla. Har yau ba a samu wani magani da ya kai nono kariya daga ciwon nan ba. Ta tatsa aƙalla sau 8 a yini da dare, har da cikin dare, da wankakken hannu, a roba mai murfi da aka tafasa. Ta ci ta sha sosai, kunun kanwa ko na gyaɗa duk wanda ya samu, amma cirewar ce take kawo nono, ba kunun ba. Kuma don Allah kada wani ya ce mata madarar da aka haɗa ce ta jawo, laifinta ne. Uwar bakwaini nononta yakan yi jinkiri, ga tashin hankali.

Ga masu ciki da ke karantawa: dakashin nan na farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne ya fi komai amfani ga hanjin jariri. In kuma naƙuda ta taso kafin sati 34, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun yaro ya nuna, tana rage wannan ciwon ma, shi ya sa ake so a isa asibiti da wuri. Bayan haihuwa kuma a nemi a ɗora yaro a ƙirjin uwa fata da fata. An gwada fara hakan nan take a ƙasashe biyar, har da Ile-Ife, a yara masu kilo 1 zuwa 1.8, mutuwa ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta. Wannan yaron sai ya ɗan farfaɗo tukuna, likitansa zai faɗa.

Ɗan Lab: Ƙari a kan madarar gari, mutane suna zaton tunda gwangwani a rufe yake babu ƙwayar cuta a ciki. Ba haka ba ne. A Beljiyam a 1998 jarirai 12 suka kamu da NEC a ɗaki ɗaya, 2 suka rasu, aka samu ƙwayar da yanzu ake kira Kuronobakta a garin madarar. Ita ce dai ta sa aka janye madarar kamfanin Abbott a Amurka a 2022. In dole ta sa, a dama da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce, a bayar, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar.

Maman Ihsan: To ni ina shayar da Ihsan, watanta biyar, nono kuwa har zuba yake. In nata bai isa ba ranar da za a dawo da ciyarwa, zan iya ba shi nawa?

Dakta: Ta fuskar lafiya, nonon wata uwa ya fi madara ga irin wannan yaron, amma ba a ɓoye ake yi ba. Sai an gwada ki, ƙanjamau da ciwon hanta da sauransu, kuma inda ake da kayan aiki ana dumama nonon a digiri 62.5 na minti 30 kafin a bayar. Ki gaya wa likitansa tun yanzu don a shirya. Ɓangaren shari'a kuma ga Malam.

Malam na Zango: Ya halatta, shayarwa ai tsohon abu ne, Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Abin kiyayewa shi ne hukuncin da ke biyo baya. A mazhabarmu ta Malikiyya, duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana haramta aure, ko sau ɗaya ne, ko ta baki aka ɗura ko ta hanci. Shafi'iyya ne suka ce sai sau biyar. Don haka robar hanci ba ta canja komai a wurinmu. Yaron zai zama ɗanki, mijinki ubansa, duk 'ya'yanki 'yan uwansa, ba Ihsan kaɗai ba, har waɗanda ba a haifa ba. Amma shi kaɗai abin ya shafa, 'yan uwansa na ciki ɗaya ba su shiga ba. Ki sanar da mijinki da uban yaron, a rubuta, a sa shaidu.

Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne ma'ajiyar nono, inda ake haɗa na mata da yawa ba a san na wace ba. Majalisar fiƙihu ta Jidda ta hana a 1985 saboda cakuɗuwar nasaba. Shaihu Yusuf Ƙardawi ya halatta, yana ganin tsotso daga mama ne yake haramtawa. Naku ba ya cikin wannan saɓanin, an san mai bayarwa, an san mai sha.

Hajiya Babba: To shi ke nan an rushe mini auren zumunci, ni da na riga na yi wa Ihsan kamu a raina. Ba komai, ya rayu dai. Amma maganar rubutawar nan ku riƙe ta da kyau. A garinmu an taɓa kai lefe, an sa rana, sai wata tsohuwa ta tuna ta ga uwar yarinyar ta ba yaron mama a gidan biki. Rigimar da aka yi har yau gida biyun ba sa ga maciji.

Baban Walid: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ni har yanzu ina kan bakata. Yaron da ya koma fa? Uwarsa ta tafi gida ba ta san ko ƙaddara ce zalla ko famfo ne ba. Wa zai tambaya mata?

Anti Nas: Akwai hanya, ba sai an yi ihu a baranda ba. Babban asibiti ya kamata a ce yana da kwamitin hana yaɗuwar cuta, ana rubuta wa shugaban asibitin takarda a nemi su duba, a karɓi kwafi mai hatimi. In ba a ji komai ba, jihar Legas tana da hukumar HEFAMAA da ke rajista da sa ido a kan asibitoci, tana karɓar ƙorafi. Amma iyayen yaron ne za su sa hannu, da ranaku da sakamakon gwaji, ba labarin an ce ba. Kuma ni shawarata a jira sakamakon jinin nan tukuna.

Ɗan Lab: In ya fito a turo mini hotonsa ta gefe, a rufe sunan yaron da na asibitin, zan karanta muku abin da ya ce.

Baban Walid: To. Maman Ihsan, in kin ga dangin wancan yaron sun dawo karɓar kaya, ki yi musu ta'aziyya, ki ce akwai mai son magana da uban. In sun yarda a rubuta takardar, Anti ta duba Turancin, ni zan kai da kaina.